Kwana Bakwai Na Gwaji

Garo, Kabo
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Badi'a da yara, da Gwaggo Dela can Sabon Birni. Yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai Inna da zazzaɓi ya kwantar kwana huɗu, amma tun shekaranjiya ta fara cin tuwo.

Na san tun rasuwar Baba ba mu cika haɗuwa ba. Inna ce ta ce tun da kakanka da kakana wa da ƙani ne, kuma kana gyaran waya da kwamfuta a Gwarzo, kana shiga kasuwar Kano duk Laraba, bai kamata in kai kuɗi hannun bare ba.

Ga maganar. Na gama jami'a, ba a kira mu bautar ƙasa ba tukuna, kuma zaman ya ishe ni. Inna ta sayar da san da ta yi shekara biyu tana kiwo, ta ba ni kuɗin gaba ɗaya, naira dubu ɗari shida da ashirin. Ba ta da wani abin sayarwa bayan shi. Ina so in haɗa kwamfuta guda in sa a shagon ƙofar gida: da safe buga takardu, da yamma samari su biya su yi wasan ƙwallo. Shi ya sa ban zaɓi na'urar wasa zalla ba.

Na yi sati uku ina bincike, ga abin da na tsayar. Firosesa, ƙwaƙwalwar injin, i5 ƙarni na tara tare da modabod ɗinsa, allon da ake dasa komai a kai, dubu 150. Ram giga 16, dubu 45. SSD mai giga 512, dubu 45. Fawa, mai raba wa injin wuta, wat 550, dubu 40. Kes, akwatin da za a haɗa su ciki, dubu 35. Monita ta hannu, dubu 70. Hannun wasa biyu, dubu 30. Sai babban, katin girafik, wanda shi ne ke zana hoton wasan a kan monita: 1660 Super na hannu, dubu 190. Jimla dubu 605, na tura maka su ta banki yau da safe. Na riƙe dubu 15 saboda abin da ba a sani ba.

Ka lura, wannan firosesar irin wadda ba ta nuna hoto ita kaɗai ce. Na zaɓe ta don ta fi sauƙi da dubu ashirin. Ma'ana in babu kati, ko harafi ɗaya ba zai fito ba. Don Allah kada a canza komai sai an tambaye ni, kuma a karɓo rasit.

Kada ka ji haushin takarda. Abin da aka faɗa a waya nakan manta rabinsa, in kuma yi ta shakkar sauran rabin. Mato direba yana bi ta gaban shagonka kullum, ya ce zai riƙa kai mana.

Ƙaninka,
Mudassir


Gwarzo
Alhamis, 9 ga Oktoba

Farfesa Mudassir,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Na gode da ka koya mini aikin katin girafik. Shekara goma sha ɗaya ina kwance kwamfuta, ashe ban sani ba sai da ɗan jami'a ya zo.

Ga kayanka nan a kwali uku hannun Mato. Komai yadda ka rubuta, sai abu biyu. Fawa na ɗauko wadda ta fi taka nauyi. Kati kuwa 580 na samo maka mai giga takwas, wajen Alhaji Zayyad da nake sayen kaya gun sa. Zai ja ƙwallonka har 'yan kallo su yi ihu. Ragowar kuɗin na sa a abin da zai fi maka amfani, yana nan tafe, bai shiga but ɗin Mato ba yau.

Alhaji ya ba ni kwana bakwai na gwaji daga jiya. Ka haɗa, ka kunna, ka ba shi wuya sosai kafin Laraba.

Rasit kuma, taubashi, in kana so in rubuta maka a bayan kwalin taliya.

Uwaisu


Garo
Juma'a, 10 ga Oktoba

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Inna ta gode da gaisuwa, jiya har ta fita duba gyaɗa.

Kaya sun iso jiya ƙarfe huɗu da minti goma. Na ƙirga su, na duba lambobinsu. Na gode da wahalar da ka sha. Amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai, gara in faɗa.

Na ce kada a canza sai an tambaye ni, ba a tambaye ni ba. Na bincika farashin 580 wajen mutum uku, babu wanda ya wuce dubu 120. Tsakaninsa da abin da na ware akwai aƙalla dubu saba'in. Ka ce an sa su a abin da zai fi mini amfani. Mene ne sunan abin? Nawa ne?

Sannan 580 yana cin wuta wat 185, nawa kuwa 125. Ka san yadda wutar gari take a nan, rabin lokaci a ƙaramin janareta zan dogara. Abin da ya fi damuna, na karanta cewa da yawa daga irin waɗannan katunan an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana, sai sun gaji a goge su a turo mana. Wannan da ka aiko yana ƙyalli fiye da kima, amma kawunan kusoshinsa biyu sun cinye, alamar an taɓa kwance shi. Ta cikin leda na gani.

Ban buɗe ledar ba, ba kuma zan buɗe ba. An naɗe ta da salatif, an manna sitika a baki. Duk inda na karanta, dokar mayar da kaya ɗaya ce: in ka yage sitika, kaya sun zama naka. Kai kuma kana cewa in yi sauri in kunna kafin Laraba, babu takarda ko ɗaya da ke nuna kwana bakwai ɗin. In na yage ya ƙi aiki, da me zan kama Alhaji Zayyad, mutumin da ban taɓa gani ba? Ban ce ka yi wani abu ba. Ina cewa ne dai saurin bai kwanta mini ba.

Abin da nake roƙo: ka sa Alhaji ya rubuta garanti da sa hannunsa, ko a mayar a kawo 1660. Na ga kiranka sau biyu bayan sallar Juma'a. Ban ɗauka ba don na san kaina, in ka fara zolaya sai in ce to, in ajiye waya ban samu amsa ba. Ka amsa a rubuce.

Mudassir


Garo
Talata, 14 ga Oktoba

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Yau kwana huɗu ba amsa. Mato ya ce ya miƙa takardata ga maƙwabcinka mai caji, don shagonka a kulle yake tun Juma'a, wai ka tafi aikin sola wajen Ƙaraye. Ban san kana aikin sola ba. Ranar da na tambayi ina dubu saba'in, ranar ka rufe shago. Wataƙila dacewa ce.

Na ji saƙon muryar da ka turo ranar Asabar. Sakan goma sha ɗaya ne, iska ta cinye rabi, abin da na ji kawai shi ne, "Ka kunna abin nan, Farfesa, ka bar dogon turanci." Wannan ba amsar tambayata ba ce. Ka sake kira sau huɗu, na ƙirga. Na gwada kiranka sau ɗaya jiya, ba ta shiga ba.

Dole in gaya maka wani abu kafin ka ji a bakin wani. Inna ta ga kwalaye jibge a ɗaki ta tambaye ni me ya sa ba a kunna ba. Ban iya yi mata ƙarya ba, na karanta mata lissafin. Ta ce, "Ɗan Dela ne fa." Na ce na sani. Ta ce, "To je ka tambayi Dela." Ranar Lahadi na hau mota na je Sabon Birni.

Na samu Gwaggo tana bakacen wake. Ta yi murna, ta ce, "Ɗan Faruku, ashe ka san hanya?" Ta sa aka dama mini fura. Da na fara bayani ta ce in bar lambobin nan, in faɗa mata da Hausa. Na ce an sayo abin da ban ce ba, kuma akwai dubu saba'in da ban san inda suke ba. Ta ajiye faifai ta ce, "Kana nufin Uwaisu ya ci kuɗin marayu?" Na ce ban ce ba. Ta ce, "Ba ka ce ba, amma ka biya kuɗin mota ka zo." Daga nan ba ta ƙara kallona ba har na yi sallama.

Katin yana nan a ledarsa cikin akwatin Inna, ban taɓa sitikar ba. Ko gaban wa za a je, zan nuna shi yadda ya zo.

Mudassir


Gwarzo
Asabar, 18 ga Oktoba

Mudassir,

Salamu alaikum. Jiya na dawo. Ƙauyen da muka yi aiki sai ka hau kan tankin ruwa kake samun sabis, a can nake hawa in kira ka kana kallon waya tana ƙara. Aikin sola kuwa shekara uku ina yi. Da kana zumunci da ka sani.

Ban ko cire takalmi ba aka ce Gwaggonka tana nemana. A gaban Badi'a, a gaban matar ƙanina, ta ce in rantse ban ci haƙƙin ɗan Faruku ba. Shekarata talatin da takwas, uwata ba ta taɓa sa ni rantsuwa ba sai a kan kwalinka.

Tun da rubutu kake so, ga shi. A ranar 1660 ya kai dubu 230, ba 190 ba, farashinka na watan jiya ne. Na ɗauki 580 a 115. Na ƙara 20 a kan fawa, don wadda ka zaɓa ta ƙona mini injin mutum biyu a hannu. Sauran 55 sitabilaiza ce, mai daidaita wuta. Ba ka sa ta a lissafi ba, kuma wutar Garo in ta yi ƙasa ta dawo da ƙarfi sai ta soya maka san Inna cikin daƙiƙa guda. Ga ta nan Mato ya kawo. Kuɗin motata ban cire ba. Laifina ɗaya, na so in ba ka mamaki, ban faɗi sunanta ba. Na ɗauka da taubashina nake wasa.

Yanzu sitika. Wace sitika? Ni na manna ta! Sitikar shagona ce, lambar wayata ce a jiki in ka duba, na naɗe ledar don kada ruwa ya shiga a mota. Dokar da ka karanta ta masu sabon kaya ce a ƙasar da ban sani ba. Mu a nan kayan hannu ba mai rubuta maka garanti. Ana ba ka kwanaki ne da baki, saboda an san fuskarka. Ka gwada a ciki, in ya ba da matsala ka mayar a canza, ba musu. In kwanakin suka wuce, shi ke nan. Maganarka ta haƙar kuɗi gaskiya ce, ana yi. Shi ya sa na roƙi kwana bakwai, wasu uku ake ba su.

Laraba ta wuce. Ka buɗe ka kunna yau, ka yi addu'a.

Uwaisu


Garo
Litinin, 20 ga Oktoba

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka sau uku. Na duba sitikar, lambarka ce. Kwana tara ina kallonta ban karanta abin da ke jikinta ba, kusoshi nake leƙe.

Zan faɗi abin da ya faru daki-daki. Jiya Lahadi bayan azahar na haɗa komai. Wutar gari ce, ba janareta ba, kuma ta cikin sitabilaiza, tana nuna 220. Ƙarfe biyu da rabi na kunna, hoto ya fito tas. Na sa manhajojin da ake sawa, na buɗe wasan ƙarfe huɗu saura kwata. An take ƙwallo, ta yi minti shida lafiya. A na bakwai filin ya cika da ɗigo-ɗigo kore da ja, fankar katin ta yi ƙara kamar injin markaɗe, monita ta yi baƙi. Na bar shi ya huce na sake, minti huɗu. Na sake, minti ɗaya. Yau da safe ko hoton farko ba ya kawowa. Na ari tsohon katin wani malamin makaranta na gwada minti goma, komai na aiki. Katin ne.

Inna tana bakin ƙofa lokacin. Ta ce, "Ya ƙare ke nan wasan?" Na ce hutun rabin lokaci ne. Ƙaryar farko da na yi mata a kan maganar nan.

Na san na yi kuskure. Amma zan tambaya, don in ban tambaya ba zai ci gaba da cina: da aka ba ka shi, an kunna a gabanka? Minti nawa? Alhaji Zayyad bai san halinsa ba?

Me za a iya yi yanzu?

Mudassir


Gwarzo
Alhamis, 23 ga Oktoba

Mudassir,

Salamu alaikum. A gaida Inna.

An kunna a gabana, ya nuna hoto, muka kashe. Haka ake yi a kasuwa, mutum goma na jira a bayanka. Sauran gwajin naka ne, shi ne amfanin kwanakin. Ko Alhaji ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani. Kwali guda ya sayo, uku a ciki sun ba da matsala, biyu an dawo da su cikin lokaci ya canza musu a gabana. Na ukun naka ne.

Ni ma ina da tambaya, tun da kowa na tambaya. Ka tabbata ba ka kunna shi a janareta tun makon farko ba, ya ƙone, ka mayar da shi leda? Abin da Alhaji ya fara faɗa ke nan. Ya ce, "Uwaisu, kwana goma sha huɗu? Yaron naka ya soya shi ne ya kawo mana labari." Na ce ba ya ƙarya, tsoro ne da shi. Na faɗa ne, amma a hanyar dawowa na yi ta tunani. Ka ji yadda abin yake da daɗi.

Jiya na kai masa katin, na zauna a shagonsa daga azahar har la'asar. Ya ce in ya karɓa daga hannuna, gobe kowa zai zo da na wata guda. Ƙarshe ya saye shi a matsayin gawa, don fanka da ƙananan kaya, dubu 25. Ya kuma ce daga yau kwana uku ne nawa kamar kowa.

Dubu 25 da 15 ɗinka, arba'in. Akwai 750 Ti a dubu 45, tsoho ne amma ba ya cin wuta, ba a kuma haƙa da irinsa sosai ba. Zan cika biyar ɗin, kada ka rubuta mini takarda a kai. Ba zai ja sabon wasan ba, sai na shekarun baya, shi ma a rage masa kyau. Ban saya ba. Ina tambayar ka, ka gani.

Saura maganar gida. Gwaggonka ta ce a gaban Inna ka fara maganar, don haka tare da Inna za ka zo ka janye ta. Ba ni na ce ba.

Uwaisu


Garo
Litinin, 3 ga Nuwamba

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Badi'a, ka ce mata na ji kunyar haɗa ido da ita ranar nan, ba raini ba ne.

Ban kunna shi a janareta ba. Ba ni da shaidar da zan nuna maka, sai dai ka yarda ko kada ka yarda. Na gane yanzu ba daɗi.

Ka tafi kafin a gama zaman gidan Gwaggo ranar Juma'a, bari in gaya maka sauran. Tun a mota na faɗa wa Inna gaskiya, cewa dubu casa'in sun tafi kuma ni na zauna a kansu har suka tafi, kuma babu wani hutun rabin lokaci. Ta ce, "Na sani. Wane irin hutu ne mutum ke riƙe kai?" Haka muka isa Sabon Birni. Bayan ka fita Gwaggo ta sa na maimaita janye maganar a gaban matar ƙaninka, don ta ce ita ma ta ji zargin farko. Na maimaita. Sannan ta ce wa Inna, "Lailatu, wannan ɗan naki ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa ƙasan kofi." Inna ta ce, "Ubansa ne." Suka yi dariya su biyu, ni ina durƙushe. Ta ba mu wake kwano biyu. Da za mu tafi ta amsa sallamata, amma ba ta ce ɗan Faruku ba, Mudassir ta ce.

Katin 750 da na ce ka saya ya iso Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya. Sha ɗaya da kwata yana cikin inji. Na ba shi wuya awa biyar a ranar, shida ranar Asabar, a wutar gari da janareta. Zafinsa bai wuce digiri 68 ba. Ka gaya wa Alhaji ba za a dawo da shi ba.

Hoton dai ka san yadda yake. Fuskokin 'yan wasan kamar an shafe su da hannu, 'yan kallo kuwa kamar kwali. Na rage farashi daga naira ɗari biyu zuwa ɗari da hamsin a wasa. Buga takardu ba matsala, na yi wa mutum uku.

Jiya na buɗe wa jama'a. Samari huɗu suka shigo. Ɗaya ya kalli monita ya ce, "Malam, wannan ai ƙwallon zamanin kakanmu ce, ta shagon Kabo ta fi." Shi da abokinsa suka fita. Biyun suka tsaya suna kallon juna, sai ɗayan ya ja benci ya ce, "Ba ni hannu ɗaya, yau sai na ci ka biyar." Ba su tashi ba sai da aka kira la'asar, kuma sun ce in ajiye musu bencin yau.

Ƙaninka,
Mudassir